Kwanson Harsashi da Mazhabobin Maƙera Biyu

Tun sa'ad da Turawa suka bar ɗura albarushi ta bakin bindiga, suka koma ga harsashi mai kwanson tagulla, wata mas'ala ta taso wadda magabata ba su san ta ba, watau yadda za a rabu da kwanson bayan ya gama aikinsa. Bindiga mai sakata ta Dreyse, wadda sojan Farusiya suka karɓa a 1841, ba ta da wannan larura, domin harsashinta na takarda ne, wuta ke cinye shi. Amma tagulla, da zarar albarushi ya kama, kumbura take yi ta manne wa gurbinta, kuma wannan mannewa, ko da yake ita ce ke hana wuta komowa ga fuskar mai harbi, ita ce asalin dukan wahalar.

Bindigar da 'yan'uwan nan Mauser suka ƙera a garin Oberndorf a 1871 tana da ƙugiyar jawo kwanso, amma ba ta da abin wurgar da shi, sai soja ya karkata ta ya faɗo. Paul Mauser bai gushe ba yana ijtihadi har 1898, lokacin da ya fito da samfurin da har yau ake koyi da shi: doguwar ƙugiya mai faɗi wadda ke kama gindin harsashi tun yana tasowa daga rumbunsa, da ɗaga hannun sakata wanda ke ɓamɓare kwanson da ƙarfi, da wani harshen ƙarfe a gefen hagu wanda kwanson zai ci karo da shi ya yi waje.

Wanda ya raina wannan hikima, to, ya dubi abin da ya sami sojan Kanada a fagen yaƙin Ypres cikin Afrilun 1915. Bindigarsu Ross, wadda ta yi suna wajen saiti, gurbinta matsattse ne, ga laka, ga zafin harbi, ga harsashin Ingila wanda bai dace da ita sosai ba, har ya zamana mutum yana dukan sakata da takalmi alhali abokan gaba suna tafe. Da yawa suka yar da ita suka ɗauki bindigar Lee-Enfield, kafin a janye Ross a 1916. Su kuwa maƙeran Landan, masu yi wa mafarautan Afirka da Indiya bindiga ɗaya-ɗaya bisa oda, sun riga sun fahimci cewa zafin rana na ƙara wa albarushi ƙarfi, shi ya sa Holland & Holland suka tsuke kwanson .375 ɗinsu na 1912 ta gaba, domin ya zame da sauƙi.

Tsarin Mauser shi ne mazhaba ta farko; ta biyu kuwa daga Amurka ta zo. Remington 700 ta 1962 ta wadatu da 'yar ƙaramar ƙugiya da wani tsinke mai sifirin a fuskar sakata na wurgar da kwanso, abin da ya fi arha ƙwarai, kuma da Winchester ta bi wannan hanya a 1964, ma'abotanta ba su yafe mata ba shekara da shekaru. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, sai dai illolinsu daban ne. A tsarin Mauser, wanda ya ja sakata da sanyin jiki zai tarar da kwanso kwance a ciki; a na Remington kuwa, ɓarɓashin tagulla kan cushe ramin tsinken har ya ƙi motsi.

Saboda haka maƙerin da aka kawo wa ƙarar bindigar da ta ƙi rabuwa da kwanso, kwanson yake fara dubawa kafin bindigar. Idan ƙugiya ta yage bakin gindinsa, gurbi ne ya yi kaushi ko albarushi ya wuce kima. Idan kuwa ya ga 'yar lotsawa a bakinsa, da alamar tagulla a jikin madubin saiti, to ya san kwanson fita yake yi, sai ya bugi madubin ya komo, kamar yadda yakan faru idan an sa wa Remington ƙugiya irin ta bindigar Sako, wadda ke ɗaga shi sama fiye da yadda aka tsara da farko.