Sayen kwamfutar tafi-da-gidanka: Yaushe ya dace a ƙara kuɗi saboda furosesa?

Ɗalibi daga unguwar Yindiski da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, Potiskum, ko mai shagon buga takardu a garin, idan ya je sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, abu na farko da mai kaya kan faɗa masa shi ne Core i3 ce, i5 ce ko i7. Waɗannan sunaye ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan na'urar, kuma farashi na tashi gwargwadon lambar. Sai dai sunan kaɗai ba ya nuna ƙarfinta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zubin da aka ƙera furosesar. A furosesar Intel ta zubi na biyu zuwa na tara, lambar farko bayan sunan ita ke nuna zubin. Misali, i7-7500U 'yar zubi na bakwai ce mai ƙwayoyin aiki biyu, ita kuwa i5-8250U ta zubi na takwas, wadda ta fito a 2017, tana da huɗu. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi don tsohuwar i7 zai iya tashi da na'urar da ba ta kai i5 sauri ba.

Zubin ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, a ƙa'ida tana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake sarowa daga kasuwannin Kano da Legas sun girmi wannan iyaka, don haka wajibi ne mai saye ya duba cikakkiyar lambar kafin ya biya.

A yawancin kwamfutocin zamani an liƙe furosesa a jikin allon na'urar da dalma, ba a cire ta a sa wata. Abin da mutum ya saya, da shi zai zauna. Amma ma'adanar wucin gadi ta RAM da faifan ajiya galibi ana iya ƙara su daga baya. Sauya tsohon faifai mai juyawa da na SSD, tare da kai RAM gigabait 8, shi ke kawar da mafi yawan nauyin da masu rubutu da bincike a intanet ke kuka da shi.

Yanayi ma abin lura ne. Furosesa mai harafin H a ƙarshen lambarta ta fi mai harafin U ƙarfi, amma ta fi shan batir da yin zafi. A bazarar Potiskum, lokacin da zafi kan haura digiri 40, na'urar da ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta don kada ta lalace, ga kuma ƙarancin wutar lantarki.

Ƙarin kuɗin ya dace da mai tace bidiyon bukukuwa, mai zanen gine-gine ko mai rubuta manhajoji. Ɗalibi da ma'aikacin ofis kuwa, i5 ta zubi na takwas zuwa sama mai SSD ta wadatar da su, ragowar kuɗin ya tafi ga batir mai lafiya.