Da'irar Farfela

Ranar da na fara aiki a filin jirgin saman Kano, wani tsohon makaniki ya kai ni gaban wata Fokker F27 da ta kwana a ajiye. Na miƙa hannu zan shafa farfela, ya kaɗe hannun. Ya ce, "Yaro, ko kwana bakwai ta yi a tsaye, zagaye ta za ka yi."

Sai daga baya na gane inda ya gaji wannan tsoro. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka Kano a watan Nuwamban 1925, ƙarƙashin Arthur Coningham, 'yan zamanin da ake yawan tayar da inji da hannu ne. Mutum ya kama farfela, ya yi kira, matuƙi ya amsa, ya fizgo ta ya ja da baya. Santsi kaɗan, hannu ya tafi. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Kyaftin Bentfield Hucks ya ɗora wani sanda mai juyawa a kan motar Ford domin ta karɓi wannan aiki daga hannun mutane.

Shi tsohon namu a kan DC-3 ya koyi aiki. Injinta na fistan ne, kuma maganeto ke ba shi wuta, ba batir ba. Idan wayar da ke kashe maganeton ta tsinke, makunni na nuna a kashe, amma inji na iya tashi da zarar an motsa farfela. Ga shi kuma da safe sai an juya ta da hannu, don a tabbatar mai bai taru a silindojin ƙasa ba. Injin Fokker ba shi da wannan matsala, amma tsohon bai sassauta ba, kuma ina ganin gaskiyarsa: ƙafar da ta saba ratsa da'irar a tsaye, wata rana za ta ratsa ta tana juyi.

Domin farfela in ta ɗau gudu ɓacewa take, musamman da dare. Shi ya sa aka riƙa shafa wa bakinta launin rawaya, aka ja jan layi a jikin jirgi daidai inda take wucewa, aka kafa dokar cewa muddin jar fitilar jirgi na walƙiya ba mai matsowa. Abin toshe kunne ya kare mana ji, ya kuma rage mana jin gargaɗi.

Jiragen ATR sun zo da abin da ya fi tayar mini da hankali. Injinsu na dama yana iya ci gaba da aiki don ba jirgi lantarki da iska, farfelarsa kuwa birki ne kawai ya riƙe ta. Sabon ma'aikaci ya gan ta tsaye cak, ga gaggawar sa katako a taya, ga kaya na jiran saukewa. Na taɓa cafko rigar wani yaro saura taku biyu. Washegari na kai shi gaban jirgin da ya kwana a ajiye, na sa ya zagaye farfelar sau uku ina kallo.