Kuɗin wasannin makarantu a Yagoua: inda yake fitowa da yadda ake tara shi

Yagoua shi ne babban garin Mayo-Danay a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kusa da kogin Logone, daura da garin Bongor na Chadi. Akasarin jama'armu manoman shinkafa da dawa ne, da masunta da makiyaya, don haka kuɗi ya fi shigowa hannu bayan girbi. Duk mai son tara gudunmawar wasanni sai ya yi la'akari da wannan.

Gasar makarantu a Kamaru tana ƙarƙashin hukumar FENASSCO, wadda ke da rukuni biyu: A na sakandare, B na firamare. Ana farawa daga ƙananan hukumomi, a wuce matakin yanki, sannan wasan ƙarshe na ƙasa. Abin da ke cin kuɗi shi ne ƙwallo, riguna, takalma, gyaran fili, akwatin magani, da kuɗin mota da abinci idan tafiya ta kama.

Hanyoyin samun kuɗin uku ne. Ta farko gwamnati: tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, ana kuma raba ɗan kayan aiki da ake kira “paquet minimum”, wanda ya fi karkata ga alli da rajista. Ta biyu ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, wadda sau da yawa ita ke biyan malaman wucin gadi, sai wasanni su zo a ƙarshe. Ta uku gudunmawar 'yan kasuwa, tsofaffin ɗalibai da 'yan gari mazauna Garoua ko Yaounde, ta adashi ko ta Orange Money da MTN MoMo.

Ambaliyar Satumban 2024, wadda ta karya gadar cikin Yagoua ta kuma mamaye makarantu, ta ƙara nauyin: gyaran aji ya sha gaban komai. Amma mun ga abin da tallafi mai ɗorewa ke haifarwa. Ƙungiyar Coton Sport ta Garoua, da kamfanin Sodecoton ke ɗaukar nauyinta, ita ta fito da Vincent Aboubakar, wanda ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a 2022.

Idan za mu tara a masallatanmu, mu sani wannan sadaka ce, ba zakka ba, domin zakka tana da mutanenta kashi takwas. A rubuta abin da ake bukata da farashinsa kafin a nemi ko sisi. Mutum biyu su riƙe asusu, a karanta lissafi a gaban jama'a. A ware rabon 'yan mata da tufafin da iyayensu za su amince da su, a kuma kauce wa lokutan salla da na Islamiyya. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga bana, shi zai sake bayarwa baɗi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.