Bashi Hanji Ne: Tarihin Ƙungiyoyin Masu Ba da Bashi da Masu Karɓo Shi a Amurka



Duk wanda ya yi zaman kwana a makarantarmu ba zai manta da masu tebur na bakin ƙofa ba, da ɗan littafin nan da kowannensu yake ɓoyewa a ƙarƙashin kwalin sabulu. A cikinsa ake rubuta sunan wanda ya karɓi garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, sai an aiko masa da kuɗi daga gida ya biya. Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne, masu teburin nan suna magana da junansu. Idan ka ci bashin ɗaya ka zame zuwa wurin na kusa da shi, sai ka tarar labarinka ya riga ka isa.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne, a taronmu da ya wuce wani ɗan ajinmu ya nuna mana saƙon da wani kamfanin ba da rance ta wayar hannu ya aiko masa, ana kiran ƙanensa ɓarawo saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. An aika wa surukansa, an aika wa abokan aikinsa. Muka yi ta muhawara a kan wa ya kamata ya tsawata wa irin waɗannan mutane, hukuma ko kuwa 'yan'uwansu masu sana'ar. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana fama da wannan tambaya.

Asalin matsalar

A farkon ƙarni na 19, manyan 'yan sari na birnin Niyok sukan ba masu shaguna na garuruwa masu nisa kaya bashi na watanni, sai manoma sun girbe sun biya mai shago, shi kuma ya biya ɗan sari. Abin dogaro kawai shi ne wasiƙar shaida daga wani sananne. Hanyar tsoratar da mai taurin bashi kuwa ita ce kurkuku, to amma ita ma sai aka fara soke ta. Jihar Niyok ta hana ɗaure mutum saboda bashi a 1831, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1833, sauran jihohi suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya.

A 1837 tattalin arzikin ƙasar ya faɗi warwas, bankuna suka kasa biyan masu ajiya, 'yan kasuwa da yawa suka karye. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Lewis Tappan da ɗan'uwansa Arthur, masu cinikin siliki, waɗanda kuma aka sani da yaƙi da bautar da bayi. A 1841 Lewis ya buɗe wani ofis a Niyok wanda aikinsa shi ne tattara labarin 'yan kasuwa yana sayarwa. Ya samu wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, suna rubuto masa halin kowane mai shago: nawa ne jarinsa, yana shan giya ko caca, yana da iyali, ya taɓa karya alkawari. Ladan da yawa daga cikin lauyoyin shi ne, idan bashi ya maƙale a garinsu su za a ba aikin karɓo shi. Abraham Lincoln, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, yana cikin waɗanda suka yi wannan wakilci. Wannan ofis ne ya zama kamfanin R. G. Dun, wanda ya haɗe da abokin gasarsa Bradstreet a 1933.

Amma fa wannan kamfani ne mai neman riba. Jita-jita da ƙiyayya sukan shiga cikin rahoto, kuma wanda aka rubuta a kansa ba ya ganin abin da aka ce, balle ya kare kansa.

Haihuwar ƙungiyar masu ba da bashi

Bayan wata karayar tattalin arzikin a 1893, sai ma'aikatan da ke yanke shawarar wa za a ba kaya bashi a manyan kamfanoni suka ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1896 suka taru a birnin Toledo na jihar Ohio suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka fi sani da NACM. Kafin nan kowane kamfani yana ɓoye littafinsa, don tsoron kada abokin gasa ya ƙwace masa masu saye. Mayaudari kuwa da wannan ɓoyon yake cin abinci, ya karɓa nan ya karɓa can, ba wanda ya san jimlar abin da ake bin sa.

Ƙungiyar ta yi manyan ayyuka guda huɗu. Na farko, ta buɗe ofisoshin musayar labari, inda kowane mamba zai faɗi nawa yake bin wane, da yadda yake biya. Wannan ya fi jita-jitar gari, domin daga littafin ciniki aka ɗauko shi. Na biyu, ta kafa ofisoshin sasantawa. Idan mai shago ya shiga matsi, maimakon kowa ya ruga kotu a yi wawar kayansa, sai masu bin sa su zauna wuri ɗaya su ƙara masa wa'adi, ko su raba abin da ya rage daidai gwargwado. Na uku, ta ilimantar da mambobinta a kan auna mai neman bashi da abubuwa uku: halinsa, da iyawarsa a sana'a, da jarinsa, kuma hali ne a gaba. Na huɗu, ta shiga neman dokoki. Amurka ta taɓa yin dokar karayar jari sau uku, a 1800 da 1841 da 1867, kowacce aka soke ta bayan 'yan shekaru. Ta huɗun, wato ta 1898, wadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin wannan suka tsaya mata suka kuma kare ta daga masu son a soke, ta kai har 1978 kafin a maye gurbinta.

Masu shaguna da ke ba talakawa bashi su ma suka yi koyi. Ofisoshin tattara labarin masu saye suka kafa tasu ƙungiyar a 1906, ma'aikatan bashi na shaguna kuma suka kafa tasu a 1912.

Masu karɓo bashi da baƙin jininsu

Ba da bashi daban, karɓo shi daban. A farkon ƙarni na 20, masu ba ma'aikata rance da kuɗin ruwa mai tsanani suna da wata dabara: sai su ɗauki mace mai kaifin murya su tura ta wurin aikin mutum, ta tsaya a gaban jama'a tana ɗaga murya tana tona masa asiri. Da yake kamfanoni da yawa suna korar ma'aikacin da aka samu da irin wannan bashi, sai mutum ya sake cin wani bashin don ya rufe bakinta. 'Yan'uwa za su ga cewa saƙon da aka aiko wa ɗan ajinmu jikan wannan mata ne, waya kawai ta ƙara masa nisan zango.

Gidauniyar Russell Sage ta tashi tsaye a kan wannan zalunci. A 1916 ta zauna da sabuwar ƙungiyar masu ba da ƙaramin rance suka tsara daftarin doka da jihohi za su ɗauka: duk mai ba da rancen da bai wuce dala 300 ba sai ya karɓi lasisi, kuɗin ruwa kuma kada ya haura kashi 3.5 cikin 100 a wata. Masu sana'ar sun yarda a sa musu linzami ne domin su samu halascin doka, su kuma rabu da sunan 'yan damfara.

Kamfanonin da ke karɓo wa wasu bashi a kan kamasho suka kafa tasu ƙungiyar a 1939, wato ACA, wadda ta yi mazauni a birnin Minneapolis. Ta tsara ƙa'idojin ɗa'a, ta riƙa horar da ma'aikata, ta kuma buga kundin sunayen mambobi, ta yadda idan wanda ake bi ya ƙaura zuwa wata jiha za a iya miƙa aikin ga amintaccen mamba a can. Haka kuma ta nanata cewa kuɗin da aka karɓo amana ne, dole a miƙa wa mai shi a kan lokaci.

Sai dai ikon ƙungiya iyakarsa korar mamba. Wanda bai shiga ba, ko wanda aka kora, yana nan yana cin karensa ba babbaka. Koke-koke suka yi yawa a kan kiran waya da tsakar dare, da ashar, da yin sojan gona a matsayin ɗan sanda ko lauya. Ɗan majalisa Frank Annunzio na jihar Illinois ya kawo ƙudurin doka, Shugaba Jimmy Carter ya sa masa hannu a watan Satumba na 1977. Dokar ta hana kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Ta hana zagi da barazana da ƙarya, ta hana gaya wa maƙwabta ko abokan aiki maganar bashin. Ta tilasta aika takarda cikin kwana 5 mai bayyana adadin kuɗin da sunan mai bin bashin, ta kuma ba mutum kwana 30 ya musanta. Wanda aka ci wa zarafi yana iya kai ƙara ya samu diyyar asararsa da ƙarin da zai iya kai dala 1,000. Da farko an keɓe lauyoyi, amma a 1986 majalisa ta cire wannan keɓewa.

Daga nan aikin ƙungiyar ya ƙaru, domin ita ce ta zama makarantar da mambobi ke koyon yadda za su bi dokar ba tare da sun faɗa hannun kotu ba. A 2001 ta haɗe da tsohuwar ƙungiyar nan ta 1912, ta koma ACA International.

Kada kuma mu manta cewa ƙungiyar sana'a ta mambobinta ce. A 2018 ACA ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton a kan hukumar sadarwa ta ƙasar, inda kotu ta ce fassarar da hukumar ta yi wa na'urar kira mai sarrafa kanta ta yi faɗi fiye da kima. A 2020, lokacin annobar korona, da jihar Massachusetts ta dakatar da kiran waya don neman bashi, ƙungiyar ta kai ƙara, alƙali ya dakatar da hanin. Masu kare haƙƙin talaka sun ji zafin wannan ƙwarai. A ɗaya ɓangaren kuma, a ƙarshen 2021 wata ƙa'idar tarayya ta fara aiki, wadda ta ɗauki kiran mutum fiye da sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi ɗaya a matsayin alamar tsangwama.

Waiwaye gida

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa suke sayar wa mahautan Yarbawa bashi ba tare da takarda ba. Mai gidan da bafatake ya sauka a wurinsa shi ne yake tsaya masa, dillalansa kuma sun san kowane mahauci da yadda yake biya. Wato musayar labari da lamuni da sasantawa duk suna nan, a ƙarƙashin sarkin Hausawan Sabo. Kafin wannan ma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ta 280 kuma ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin matsi.

A ɓangaren zamani kuwa mun makara. Bashin da ba a biya ba yana cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da bankuna a shekarun 1990, har gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 18 ta 1994 da kotuna na musamman, aka kuma rufe bankuna 26 a watan Janairu na 1998. An kafa AMCON a 2010 don ta sayi munanan basussukan bankuna, dokar tattara bayanan masu cin bashi ta zo a 2017, sannan a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da rance ta manhaja a Legas, ta kuma wajabta musu yin rajista.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, amsar muhawararmu ta ranar nan ita ce duka biyun. Ƙungiya ce ta san sirrin sana'a, ita ce ke iya horar da ma'aikaci ta kuma kunyata mamba a gaban tsaransa, amma ba ta da hannun kama wanda yake waje, kuma ranar da muradin mambobinta ya ci karo da na talaka, wurin mambobinta za ta tsaya. Hukuma tana da sanda, amma takan iso bayan an yi ɓarna. Amurkawa sun yi shekara 38 tsakanin kafa ACA da samun dokar 1977, kuma a cikin waɗannan shekaru mutane da yawa sun sha wulaƙanci.

A cikinmu akwai ma'aikatan banki da lauyoyi da alƙalai da shugabannin kasuwa. Ina roƙonsu su kai wannan magana ƙungiyoyinsu, a rubuta ƙa'idar yadda ake neman bashi ba tare da cin mutunci ba, a kuma hukunta mamban da ya saɓa. Mu kuma da muka karɓi rance daga asusun taimakon juna na wannan ƙungiya tamu, mu tuna cewa ma'aji ba shi da kurkuku ba shi da lauya, sunanmu kawai ya rubuta a littafi, kamar yadda masu tebur suka yi mana a da. Akwai ƙannenmu a layi suna jiran mu mayar su ma su karɓa.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu, amin.