Majigi da Kazar da ta Gitta

Mu da muka tashi a ƙananan garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, irin su Daddara, ba a gidan silima iyayenmu suka fara ganin hoto mai motsi ba. A fili ne, bayan sallar isha'i, ranar da motar majigi ta En'e ta iso. A kafa farin allo, a ta da janareta, sannan mai sharhi ya ɗauki lasifika yana fassara da Hausa, wani lokaci har ya ƙara nasa gishirin.

Asalin abin daga Ikko ne, inda wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya soma amfani da fim wajen yaƙi da annoba. A 1939 aka ɗora shi kan sashen shirya finafinai na mulkin mallaka, wanda aka rufe a 1955. Ra'ayin Sellers shi ne baƙar fata ba zai fahimci fim ba sai an tafi da shi a hankali, ba tare da yawan sauya hoto ba. Har akwai labarin da Turawa suka yi ta maimaitawa, cewa an nuna wa wasu ƙauyawa fim kan tsabta, da aka tambaye su me suka gani, sai suka ce kaza ce ta gitta a gefe. Turawan suka ɗauki wannan hujjar jahilci.

Mu kuwa a ganinmu mutanen nan sun fi su ido. Darasin tsabta ya tsufa, haka ma wa'azin noman auduga na Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950. Abin da ya rage mai daraja shi ne abin da kyamara ta kama ba da niyya ba: yadda ake naɗa rawani, jakin da ke ɗauke da mangala, matan da ke sussuka, yaran da suka leƙo suna kallon Bature. Ba wani kundin Razdan da ya rubuta waɗannan.

Da yawa daga cikin finafinan zamanin mallaka suna ajiye a Ingila, a rumbunan BFI da Imperial War Museum, wasu ma an ɗora su a intanet. Sai dai waɗanda za su iya duban hoto su ce wannan kasuwar wane gari ce, wannan ɗinkin hular na wace ƙasa ne, tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.