Asirin Wa Ake Rufawa? Fyaɗe, Sulhu da Mutuncin Zangon Kumasi

A watan Yulin 2018 'yan sandan Ghana suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta da ke jihar Ashanti, suka sanar da cewa 'yan fashi ne. Mamatan 'yan Zangon Kumasi ne, kuma mutanen unguwar Asawase da suka san su ba su karɓi wannan bayani ba. Matasa suka cika tituna, sarakuna da limamai suka yi ta kai-kawo tsakanin hukumomi, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya ce bai ga hujjar da ta tabbatar da cewa 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalan kowane mamaci diyyar sidi 250,000.

Al'ummar da ta yi wannan tsayin daka ta san cewa akwai laifin da ban-haƙuri ba ya wanke shi. Abin da wannan maƙala take bibiya shi ne dalilin da yake sa wannan sani ya yi rauni idan wadda aka zalunta yarinya ce, laifin fyaɗe ne, mai laifin kuma ɗan gida ne. Ra'ayina shi ne ƙyamar da ake nuna wa Zango daga waje tana ciyar da ƙyamar da ake nuna wa wadda aka yi wa fyaɗe daga ciki, kuma duk ranar da aka toshe bakin yarinya don kare sunan unguwa, an sayi mutuncin jama'a ne da haƙƙin mafi rauni a cikinsu.

Tsoron ɓacin suna yana da tarihi, kuma bai kamata a raina shi ba. Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan Ingila irin su Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820 sun tarar da malamai da fatake suna da faɗa a ji a fadar Asantehene, sarkin Asante. Zangon da muka sani yau ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken goro, da kuma bayan Turawa sun mamaye Asante. Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Wangarawa, Yarbawa, Zabarmawa, Fulani da Kotokoli suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci. Enid Schildkrout, a littafinta People of the Zongo na 1978, ta nuna yadda aure da riƙo da maƙwabtaka suka ƙulla sabon zumunci tsakanin mutanen da suka baro danginsu a nesa. Amma kalmar "baƙo" ba ta sake su ba. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, daga ƙasar. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu makonni biyu su fice, umarnin da ya raba iyalai da gidajen da aka haife su a ciki. Har yau ɗan Aboabo ko Sawaba ya san kallon da ake yi masa idan ya faɗi unguwarsu a ofis. Wanda ya gaji irin wannan tarihi yana tunani sau biyu kafin ya kai maganar gida gaban hukuma.

Wajibi ne a faɗi a fili cewa fyaɗe ba cutar Zango ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i. Bidiyon da ya girgiza Ghana a Disamban 2017, na samari da suka taru a kan wata yarinya, daga Bantama ya fito, unguwar da ba Zango ba ce. A shekarar 2017 ɗin ne kuma ƙasa ta ɗauki zafi kan yarinya 'yar shekara huɗu a Assin Adadientem, inda rahotanni suka ce wani basarake ya wanke wanda ake zargi da sunan hukuncin alloli. Sasanta irin wannan laifi a gida al'ada ce da ta ratsa ƙabilu da addinai a ƙasar. Abin da ya keɓanta da Zango shi ne ƙarin dalilin yin shiru: kada mu ba masu zaginmu abin faɗa.

Duk wanda ya tashi a gidan haya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, ya san yadda zaman sulhun yake tafiya. Dattawa za su zo bayan isha'i. Za a ce a rufa asiri, ƙaddara ce, a bar wa Allah. Za a tambayi uwar yarinya: in maganar ta fita, wa zai aure ta? Wani zai sa baki ya ce, me ya kai ta ɗakinsa tun farko? A ƙarshe dangin yaron za su ɗauki kuɗin magani, wani lokaci a kawo shawarar a ɗaura musu aure. Yarinyar ita ce kaɗai ba a tambayi bakinta ba. Shi zai ci gaba da zama a majalisar samari, ita ce za ta daina fita talla, ko ta bar makaranta, ko a tura ta wurin gwaggo a Tamale.

Dokar Ghana ba ta bar ƙofa ga wannan zama ba. Dokar manyan laifuka ta 1960, bayan gyaran 1998, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ga fyaɗe, da shekara 7 zuwa 25 ga saduwa da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba, da yardarsu ko babu. Dokar kotuna ta 1993 ta ba alƙali damar ƙarfafa sulhu a ƙananan laifuka kawai, fyaɗe kuwa yana cikin mafi girma. Dokar sasanci ta 2010 ta hana kai laifi gaban sulhun gargajiya sai da umarnin kotu, dokar yara ta 1998 kuma ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Akwai kuma sashen 'yan sanda na musamman kan cin zarafin mata da yara, wanda aka kafa a 1998, aka sauya masa suna zuwa DOVVSU a 2005.

Sai dai rashin adalci ne a ɗauka cewa jahilci ne kaɗai ke sa iyaye su karɓi sulhu. Idan uwa ta kai ƙara, za a ba ta takardar da likita zai cike, kuma shekara da shekaru iyalai suna kokawa kan kuɗin da ake nema kafin a sa hannu, duk da cewa dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta yi tanadin magani kyauta. A 2020 jarumar fim Ama K. Abebrese ta jagoranci koke na neman a soke wannan kuɗi, wanda rahotanni a lokacin suka ce yana kai sidi 300 zuwa 800. Ga kuɗin mota zuwa kotu, ga ɗage zama, ga ranakun da ba a kasa waake ko koko ba. Idan wanda ake zargi ɗan mai gidan haya ne, ƙarar tana iya zama sanadin rasa ɗaki. Macen da aka ajiye wa kuɗi a gabanta a irin wannan hali, ba kwaɗayi ne ya sa ta miƙa hannu ba. An bar ta ne ita kaɗai, kuma laifin barinta yana wuyan maƙwabta kafin ya kai wuyan gwamnati.

Hujjar da ta fi ƙarfi a zaman sulhu ita ce ta addini, don haka nan ya kamata a daɗe. Gaskiya ne Musulunci ya kwaɗaitar da suturta Musulmi. Amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa wannan sutura ta shafi wanda ba a san shi da cuta da ɓarna ba. Wanda rufa masa asiri zai ƙara masa ƙarfin gwiwa, abin so shi ne a kai shi ga hukuma. Zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa daban, haƙƙin wani bawa daban, kuma babu dattijon da ke da ikon yafe haƙƙin da ba nasa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin malaman Zango suka tashi a kanta, Muwaɗɗa ta kawo hukuncin Abdulmalik ɗan Marwan cewa wanda ya tilasta wa mace zai biya ta kwatankwacin sadakinta, Imam Malik kuma ya ƙara da cewa uƙuba a kansa take, babu komai a kanta. A lura da tsarin: kuɗin diyya ce da ake haɗawa da hukunci. Ba a biya don a sayi shiru, ba kuma sadakin auren da za a ɗaura ba ne. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya je nesa da haka a Ahkamul Ƙur'an, inda ya ƙalubalanci malaman da suka taƙaita laifin fashi ga dukiya, ya nuna cewa ƙwace mace da ƙarfi ya fi ƙwace dukiya muni. Tirmizi da Abu Dawud kuma sun ruwaito labarin matar da aka tare a hanyarta ta zuwa salla. Ta ɗaga murya, ta faɗa wa mutane, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame ta babu zargi. Ba a tambaye ta dalilin fitarta ba.

Akwai wuri mai wuya a fiƙihunmu, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Afirka ta Yamma, ta ce mace marar aure da ciki ya bayyana gare ta ba a karɓar da'awarta ta tilas sai da alama, kamar ta zo tana neman agaji a lokacin ko tana zubar da jini. An ga inda tsaurin irin wannan fahimta ya kai a Zamfara, inda aka yi wa Bariya Ibrahim Magazu bulala 100 a Janairun 2001, alhali ta ce tilasta mata aka yi, mazan da ta ambata kuma ba a hukunta su ba. Ghana ba ta zartar da haddi, amma tunanin cewa ciki shaida ce a kan mace yana nan a zukata. A nan ne nake ganin masu cewa a yi shiru sun saɓa wa littafin da suke jingina da shi. Sharaɗin Risala yana ɗauka ne cewa mace za ta yi kuka a ji ta, a kawo mata ɗauki. Gidan da ya koya wa 'yarsa kunyar faɗa, ya yi mata wanka, ya wanke tufafinta, ya jira wata uku, shi ne ya shafe alamar da malamai suka nema, sannan ya dawo yana tuhumarta da rashin hujja. Sanannen abu ne kuma a wurin likitoci cewa tsoro yakan daskarar da mutum ya kasa ko motsi, barazana kuma takan rufe bakin yaro tsawon shekaru. Gwajin asibiti a yau yana ba da alamun da magabata ba su da hanyar samu, kuma ba na ganin abin da zai hana malami ya karɓe su.

Saboda haka tsayawa tare da wadda aka zalunta aiki ne mai ƙa'idar lokaci. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana biyar. Daren da ake ɓatawa ana jiran kawu ya iso daga tafiya, daga cikin waɗannan awoyi ake cire shi. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye da asibitin Manhyia ba su da nisa da unguwannin Zango. Abin da ake buƙata shi ne babbar mace mai kima, magajiya ko malamar Islamiyya ko 'yar ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAG, wadda za ta riƙe hannun uwa da 'ya zuwa can, ta zauna da su a ofishin DOVVSU, ta dawo ranar kotu. Masallacin da ke iya tara kuɗin siminti ranar Juma'a yana iya ware asusun takardar likita da kuɗin mota. Limami da sarkin unguwa kuwa suna da makami mai sauƙi: su ƙi zama. Sulhun da babu mai rawani a cikinsa ba shi da albarkar da ake nema da shi.

Wannan ba ya nufin a yanke hukunci a titi ko a waya. Wanda ake zargi yana da haƙƙin a saurare shi, kuma kotu ce ke kare wannan haƙƙi fiye da taron fusatattu. Yaɗa hoto ko bidiyon tsiraicin wani ba da yardarsa ba laifi ne a dokar tsaron intanet ta 2020, mai turawa don nuna takaici ma yana ƙara wa yarinya ciwo ne. Abin da ya faru a Arewacin Nijeriya a 2019, lokacin da mata suka fara bayyana abin da aka yi musu ƙarƙashin taken ArewaMeToo, har aka kama Maryam Awaisu a Kaduna, ya nuna cewa mutane sukan koma kafofin sada zumunta ne idan zaure da caji ofis duka sun rufe musu ƙofa.

Akwai kuma waɗanda ko zaman sulhun ba a yi dominsu. Yaro namiji da aka yi wa haka yana cikin kariyar doka, amma kunyar da ake ɗora masa ta kan hana iyaye ko ambatawa. 'Yar riƙo tana zaune ne a gidan da wataƙila mai cutar da ita ke ciyar da ita. 'Yan matan kayayo da suka zo daga arewacin ƙasar suna dakon kaya a Kejetia da Adum, da yawansu Musulmi ne, suna kwana a bakin shaguna ko a cunkushe a ɗakunan katako irin na Dagomba Line, ba su da uba ko kawu a gari da zai tsaya musu. Tsarin maigida da ya gina Zango an kafa shi ne a kan saukar baƙo da tsaya masa a gaban hukuma, sai dai baƙon da aka saba yi wa haka falke ne mai dukiya. Kowace ƙabila a Zangon Kumasi tana da sarkinta, kuma tun 2017 akwai asusun raya Zango da doka ta kafa. Ɗaki mai ƙofa da makulli ga waɗannan yara, da sunan mace ɗaya a kowace unguwa da za su iya bugawa da tsakar dare, ba su fi ƙarfin waɗannan sarakuna da wannan asusu ba.