Kunne na talaka, baki na hukuma: tarihin rediyo a ƙasar Magarya

A Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai mutanen da rediyo ne abin sha'awarsu. Mutum zai ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya kafa eriya a bayan gida, ya riƙa zantawa da wani irinsa a wata nahiya. Nijar ma tana da nata kason a wannan tsari, lambobinta da 5U suke farawa, na Najeriya da 5N, sai dai galibin waɗanda suka yi amfani da na Nijar baƙi ne. A Yekuwa da sauran garuruwan Magarya da Dungas kuwa, rediyo ya daɗe da zama ɗan gida: yana rataye a kafaɗar makiyayi, yana kan teburin mai shayi an ɗaure masa murfin batir da roba. Amma duk na saurare ne. Ina ganin ba rashin sha'awa ya jawo haka ba, kuma talauci kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Tun farko aka raba aikin, aka ba talaka kunne, hukuma ta riƙe baki.

Na'urar da ke aikawa da karɓa ta shigo karkarar Nijar ne a matsayin kayan mulki. Layin da ake kira RAC shi ya haɗa ofishin kwamandan da Damagaram da Yamai, ta nan umarni ke saukowa, rahoton haraji da na damina ke hawa. Soja da jandarma da 'yan duwan su ma suna da nasu. Talaka bai san oba-oba ba sai a ƙugun mai kaki, kuma wannan shi ya sa har gobe wanda aka gani da ita ana yi masa kallon ko ma'aikaci ko abin tuhuma. Ta ɓangaren saurare kuwa ƙofa a buɗe take. Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, ya zama Muryar Sahel a 1974. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Rediyon Kaduna, wanda ya soma a 1962, bai san da iyaka ba, kamar yadda mutanen Yekuwa, da danginsu da cinikinsu ke ƙasar Daura da Kano, ba su taɓa ɗaukar iyakar nan katanga ba. Da ƙananan akwatuna masu batir suka yi araha, manomi ya ji duniya da harshensa tun ƙauyensa bai ga wutar lantarki ba.

Abin lura shi ne mai sauraren bai yarda ya zauna shiru ba. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, kuma tsarinta ya cancanci a tuna da shi. Mai jagorantar kulob, sau da yawa malamin lakwal, zai tara jama'a da dare su saurari shiri kan noma ko lafiya, a yi muhawara, ya naɗi muryoyinsu a faifai, a aika gidan rediyo, a saka a shiri na gaba. Amsa kan ɗauki makonni kafin ta fito, kuma sai ta bi ta hannun mai tacewa, amma dai amsa ce. Haka zaɓi-sonka: mutumin da bai iya boko ba zai nemi mai rubuta masa kati, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai, ya yi ta jira ya ji an gaishe su a iska. Masu ci-rani suka riƙa aiko da kaset maimakon wasiƙa. Da aka saki mara bayan taron ƙasa na 1991, gidaje masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, sannan rediyon karkara, wanda aka fara a Bankilare a 1999 da wutar hasken rana, ya bazu a ƙasar. Duk inda aka buɗe 'yar kafa, jama'a sun yi tururuwa su yi magana.

Za a ce ai tsada ce ta hana talaka mallakar na'urar aikawa. A da, gaskiya ne, na'urar aikawa ta gajeren zango ta fi ƙarfin manomi. Amma mutanen da suka iya haɗa kuɗi su sayi injin niƙa ko kura da sa, da an ba su dama da sun sayi na'ura ɗaya ta gari. Yau kuma hujjar ta raunana, domin ƙananan oba-oba ƙirar Sin, irin su Baofeng, kuɗinsu bai wuce na ƙaramar salula ba. Za a kuma ce salula ta riga ta biya buƙata. Ta yi aiki babba, ba musu: binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna shigowarta ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai dai salula a jingine take da dogon ƙarfen kamfani, da man janareta, da kuɗin kati, da yardar gwamnati. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomi 13 na Katsina, mai haƙuri da mai laifi duka suka rasa rezo. Oba-oba ba ta jiran kowa. Tana kai 'yan kilomita a fili, in an ɗora mata na'urar maimaita sauti a wuri mai tsayi ta ninka haka. An kuma gwada amfanin irin wannan sadarwa a Nijar, a gundumar Walam, inda aka haɗa likitocin ƙauye da asibitin gunduma ta rediyo don kiran motar ɗaukar marasa lafiya, musamman mata masu doguwar naƙuda.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ban raina ta ba, ganin abin da 'yan bindiga suka yi wa Katsina da Zamfara da kudancin Maraɗi. Amma ɗan bindiga bai taɓa neman lasisi ba, hani bai taɓa raba shi da na'urarsa ba. Wanda hanin ke kamawa shi ne mai gari, da ungozoma, da shugaban makiyaya da ke son sanar da manoma cewa garke na tafe kafin a kwashe amfanin gona. Magana ta oba-oba kuma a sarari take, duk mai na'ura yana ji, har jandarma, ta fi wayar sirri sauƙin sa ido. Hukumar ARCEP ce ke rabon zangon iska a Nijar. Tana iya ware wa ƙananan hukumomi irin Yekuwa zango guda, a yi rajistar na'urori a ofishin magajin gari, a koya wa matasan da ke gyaran rediyo da salula a kasuwar Magarya ƙa'idar aiki da su, su kuma su koya wa ƙauyuka.